Ƙari da ragin ma'ajiyar aiki alhali na'ura na tafiya: misalin cibiyar Linux

1. Gabatarwa

A wannan takarda za mu bayyana yadda cibiyar tsarin gudanarwa, wadda ake kira « noyau » da Faransanci, take karɓar sabuwar ma'ajiyar aiki, wato « mémoire vive », ko ta saki wadda ke hannunta ba tare da an kashe na'ura ba. Mun ɗauki misalin Linux, wadda Linus Torvalds ya soma rubutawa a 1991, domin rubutunta a buɗe yake ga mai son dubawa. Buƙatar ta fi shafar manyan na'urori na bankuna da na kamfanonin waya, inda tsayawar awa guda asara ce. Abin da muke son nunawa shi ne ƙari yana da sauƙi, ragi ne ke da wuya, kuma tun lokacin rabon ma'ajiya ake shirya masa.

2. Yadda cibiya ke lissafin ma'ajiya

Cibiya tana yanka ma'ajiya ƙanana-ƙanana, kowane yanki ana ce masa shafi. A na'urori irin na x86, shafi ɗaya okte 4 096 ne. Kowane shafi yana da ɗan rajista na okte 64 mai faɗin ko shafin yana hannun wani, da kuma aikin da ake yi da shi. Ke nan kashi ɗaya cikin 64 na ma'ajiya yana tafiya wajen lissafin ita kanta ma'ajiyar.

Ba shafi-shafi ake ƙari ko ragi ba. Ana haɗa shafuka su zama dunƙule, wanda a x86 mai bit 64 mafi ƙanƙantarsa mega-okte 128 ne, wato shafi 32 768, da rajista ta mega-okte 2.

3. Ƙari

Ƙari mataki biyu ne. Da farko na'ura takan sanar da cibiya, galibi ta hanyar ƙa'idar ACPI, cewa sabuwar ma'ajiya ta bayyana a adireshi kaza. Cibiya sai ta buɗe mata rajista, ta kuma nuna kowane dunƙule a ƙarƙashin /sys/devices/system/memory. A mataki na biyu ake kunna dunƙulen, ko da hannun mai kula da na'ura ko bisa umurnin da ya bari tun farko, shafukansa su shiga jerin shafukan da ke jiran mai buƙata. Tun da babu kowa cikin sabon wurin, babu wanda za a tasa. Wannan aiki ya shiga Linux a siga ta 2.6.15, a 2006.

4. Ragi

Kafin a cire dunƙule, dole ne a kwashe duk abin da ke cikinsa. A nan shafuka suka rabu gida biyu.

Shafukan manhajoji suna iya ƙaura. Manhaja ba ta san ainihin wurin da bayananta suke ba. Adireshin aro take amfani da shi, jadawalin shafuka kuma shi ke fassara shi zuwa na gaskiya. Kamar lambar akwatin gidan waya ne: mutum ya sake unguwa, wasiƙunsa ba su ɓata. Cibiya takan nemi shafi maras kowa a wani dunƙule, ta kwafe bayanan, ta gyara jadawali, manhaja ta ci gaba ba ta san an yi ba.

Shafukan cibiya kuwa yawancinsu ba su ƙaura. Cibiya tana kiran kayanta da adireshin da ke ɗaure da ainihin wurinsu, kuma adireshin yana rubuce a wurare masu yawa da babu jadawali guda da ya tara su. In aka gusar da kayan, sauran sassa za su ci gaba da karanta tsohon wuri, su lalata bayanai ko su tsaida na'ura. Haka ma shafin da aka danƙa wa faifai ko katin sadarwa domin ya rubuta a ciki kai tsaye: ba a taɓa shi sai an sako shi.

Saboda haka shafi ɗaya tak maras motsi ya isa ya hana cire mega-okte 128. Cibiya takan fara killace dunƙulen don kada a sake rabon shafukansa, ta kwashe masu ƙaura, ta yi ta maimaitawa. In ta ci karo da maras motsi, ko dai ta fasa, ko ta yi ta gwadawa har sai mai kula ya dakatar da ita. Ragi bai shiga Linux ba sai a siga ta 2.6.24, a 2008, shekara biyu bayan ƙari.

5. Shiyyar masu ƙaura da farashinta

Maganin da aka samo shi ne riga-kafi. A siga ta 2.6.23, a 2007, aka shigo da shiyya mai suna ZONE_MOVABLE, wadda ba a ajiye kome cikinta sai abin da zai iya ƙaura. Dunƙulen da aka kunna cikin wannan shiyya, ana da kyakkyawan zaton za a iya cire shi daga baya.

Amma fa akwai farashi. Kayan cibiya, kamar jadawalin shafuka da rajistar sabuwar ma'ajiyar, a sauran shiyyoyin ake ɗibar musu wuri. In shiyyar masu ƙaura ta yi girma da yawa, cibiya za ta rasa wurin kanta, ta soma kashe manhajoji alhali ma'ajiya na nan zube babu kowa. Bayanan Linux sun nuna cewa kashi 3 ko 4 na masu ƙaura bisa kashi 1 na cibiya yakan yi aiki, amma 63 bisa 1 ba zai yiwu ba, domin rajista kaɗai za ta cinye rabon cibiya. Zaɓi yana hannun mai kula: in ya faɗaɗa shiyyar ya ƙuntata wa cibiya, in ya taƙaita ta ya rage abin da zai iya cirewa.

6. Na'urorin kwaikwayo

Inda aka fi yin wannan aiki a yau shi ne na'urorin kwaikwayo, « machines virtuelles », waɗanda da yawansu ke zaune cikin na'ura guda suna rabon ma'ajiyarta. Tsohuwar dabara ita ce ta balan-balan, wadda Carl Waldspurger na kamfanin VMware ya bayyana a 2002: ƙaramar manhaja cikin baƙuwar na'ura takan roƙi shafuka daga cibiya, ta miƙa su ga uwar na'ura. Ba ta zaɓen wuri, don haka shafi maras motsi ba ya tare ta, sai dai rajistar shafukan tana nan tana cin wuri. A 2020, siga ta 5.8 ta kawo virtio-mem, mai ƙari da ragi da gutsattsari na ƴan mega-okte. In dunƙule ya kwashe sarai, sai a cire shi har da rajistarsa.

7. Kammalawa

Mun ga cewa wuyar ragi ba daga ƙarfen na'ura take ba, daga adireshin da cibiya ta ɗaure kayanta da shi ne. Don haka ɗalibi ko mai kula da na'ura da ke shirin ƙara ma'ajiya ya kamata ya yanke shawara tun ranar ƙari ko zai so cire ta, ya kunna ta a shiyyar da ta dace, ya kuma bar wa cibiya isasshen rabo.