Rabon ƙwaƙwalwa a Apache Solr

Apache Solr manhaja ce ta bincike da aka rubuta da harshen Java, kuma an gina ta a kan Lucene. Yonik Seeley ne ya ƙirƙire ta a kamfanin CNET a shekarar 2004, aka miƙa ta ga gidauniyar Apache a 2006. Uwar garke ɗaya tana iya ɗaukar fihirisa masu yawa, kowace da saitinta, amma dukkansu ƙwaƙwalwa ɗaya suke rabawa. Saurin bincike ya dogara ne ƙwarai a kan yadda aka yi wannan rabo.

Kaso biyu

Ƙwaƙwalwar RAM tana kasuwa gida biyu. Na farko shi ne kason da ake ware wa Java, wanda Solr ke farawa da megabait 512 idan ba a sauya ba. Na biyu shi ne ragowar, inda babbar manhajar kwamfuta, kamar Linux, ke riƙe fayilolin fihirisa don kada a riƙa komawa faifai.

Idan kason Java ya yi kaɗan, Solr tana iya tsayawa cak. Idan kuma ya yi yawa, fayilolin fihirisa sukan rasa wuri, sannan aikin share bayanan da aka gama amfani da su yakan ɗauki lokaci, bincike ya riƙa tsaiko. Ana kuma guje wa kai kason gigabait 32, domin daga nan Java takan daina matse adireshin bayanai, sai kowane abu ya ci wuri fiye da da.

Ma'ajin gaggawa

Kowace fihirisa tana da ma'ajinta na sakamakon da aka taɓa nema. A ma'ajin tacewa, sakamako ɗaya yana iya cin bit ɗaya a kan kowace takarda. Fihirisa mai takardu miliyan 8 za ta ci kimanin megabait ɗaya ke nan a kowane sakamako, don haka gurbi 512 zai iya kai rabin gigabait. Fihirisa 100 irin wannan sun isa su ƙarar da ƙwaƙwalwar na'urar. Shi ya sa ake rage girman ma'ajin idan fihirisa suka yi yawa.

Faɗaɗawa

Idan na'ura ɗaya ta gaza, ana komawa tsarin SolrCloud, wanda ya zo da Solr 4.0 a 2012. Yana raba fihirisa yanki-yanki a kan na'urori da dama, yana ajiye kwafin kowane yanki, manhajar ZooKeeper kuma tana kula da inda kowanne yake. Rabawar takan zama dole ga manyan fihirisa, tunda fihirisar Lucene guda ɗaya ba ta wuce takardu kimanin biliyan 2.1. Sai dai kowane yanki da kowane kwafi yana da nasa ma'ajin, saboda haka yawan yankawa ma yana ƙara cin ƙwaƙwalwa.