Tafiya Sannu Sannu Kwana Nesa: Yadda Mutanen Ingila Ke Yin Hutu A Kan Ruwa

Idan aka ambaci jirgin ruwa, abin da zai fara faɗo wa mutumin Yawuri ko na Lokoja a rai shi ne kwale-kwale maƙare da buhunan hatsi da fasinjoji ranar kasuwa, ko kuwa masunci yana jefa taru da asuba. A wurinmu kogi hanya ce, kuma wurin neman abinci ne. To, amma a ƙasar Ingila akwai dubban jama'a da ke biyan kuɗi masu kauri domin kawai su ɗauki hayar jirgi na mako guda, su shiga da iyalinsu, su riƙa tafiyar da ba ta fi saurin mai tafiya da ƙafa ba. A ciki suke dafa abinci, a ciki suke kwana, inda dare ya yi musu nan za su ɗaure. Wannan al'ada tana da tarihi da ƙa'idoji, tana kuma da haɗarinta, kuma a cikinta akwai abin da ya kamata mu tsaya mu duba.

ASALIN AL'AMARIN

Hanyoyin ruwan Ingila iri biyu ne. Akwai kogunan da Allah ya halitta, kamar Tems wanda ya ratsa birnin Landan, mai tsawon mil 215, da Seban da Tirent. Akwai kuma waɗanda ɗan Adam ya haƙa da hannu, wato kanal, domin su haɗa wannan kogi da wancan. A shekarar 1761 aka buɗe kanal ɗin Bridgewater, wanda injiniya James Brindley ya yi aikinsa, don a kai kwal daga ramukan Worsley zuwa Manchesta. Doki ɗaya yana iya jan jirgi mai ɗauke da kimanin tan 30 idan yana tafiya a bakin ruwa, alhali kuwa a kan hanyoyin ƙasa na wancan zamani ko kusa da haka ba zai ja ba. Ganin wannan riba sai masu kuɗi suka yi ca a kan haƙar kanal, har tsawon hanyoyin ruwan ƙasar ya kai kusan mil 4,000.

Jirgin ƙasa ne ya fara karya wannan kasuwa tun daga 1830, daga baya manyan motoci suka ƙarasa ta. Gwamnati ta karɓi yawancin hanyoyin a 1948, amma da yawansu sun riga sun cushe da laka da shara. Sanyin hunturun 1962 zuwa 1963 ya daskarar da ruwa har makonni, jirage suka kasa motsi, 'yan kasuwa suka koma ga mota, akasarinsu kuwa ba su sake dawowa ba.

Abin da ya ceci hanyoyin shi ne masu sha'awa. Wani injiniya marubuci mai suna L.T.C. Rolt ya gyara wani tsohon jirgin kaya ya mai da shi gida, ya zaga da shi a 1939, kana ya wallafa littafin tafiyarsa, Narrow Boat, a 1944. Littafin ya motsa zukata ƙwarai, har a 1946 shi da Robert Aickman da wasu suka kafa ƙungiyar kare hanyoyin ruwa na cikin ƙasa. 'Yan sa kai suka riƙa kwashe laka da shebur a ranakun hutu. Dokar Sufuri ta 1968 ta amince da cewa yawon shaƙatawa ma dalili ne da ya isa a ci gaba da kula da kanal. Ta haka aka farfaɗo da hanyoyi irin su Kennet da Avon, wadda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta sake buɗewa a 1990. Tun daga 2012 wata hukumar amana mai suna Canal & River Trust ke riƙe da kimanin mil 2,000 a Ingila da Wales, jirage fiye da 30,000 kuma ke da lasin nata.

TUƘI DA ƘA'IDOJINSA

Jirgin da aka fi sani a waɗannan hanyoyi siriri ne, dogo kamar kurtun magani. Faɗinsa ƙafa 6 da inci 10, tsawonsa kuwa yana iya kaiwa ƙafa 70 da 'yan kai. Wannan awo ya samo asali ne daga ƙuncin ƙofofin ruwan da aka gina tun zamanin Brindley, waɗanda faɗinsu bai wuce ƙafa 7 ba sai da kaɗan. Da ƙarfe ake ƙera na yanzu, nauyinsa kan kai tan 15 ko fiye, injin dizal ne ke tura shi.

Matuƙi yana tsaye ne a baya, a waje, ko ana ruwa ko ana rana, yana riƙe da sandar tuƙi. Abin da ke fara rikita baƙo shi ne, idan yana so kan jirgi ya nufi dama, hagu zai tura sandar. Bugu da ƙari jirgi ba shi da birki. Mai son tsayawa sai ya rage wuta tun daga nesa, sa'an nan ya juya farfela baya. Ko da yake a titunan Ingila hagu mota ke bi, a kan ruwa kowa dama yake riƙewa idan jirage biyu suka yi kiciɓis.

Iyakar gudu a kan kanal mil 4 ne cikin awa guda, a Tems kuwa, sama da Teddington inda tashin ruwan teku ke tsayawa, kilomita 8 ne. Dalili shi ne igiyar ruwan da jirgi ke tayarwa tana cin gaɓa, tana rushe sheƙar tsuntsaye, tana kuma girgiza jiragen da ke ɗaure. Saboda haka ladabi ne a sassauta ƙwarai in za a wuce jirgin wani, don kada a kifar masa da butar shayi. A kan kogi, wanda ke gangarowa tare da ruwa shi ake ba hanya a ƙarƙashin gada, domin shi ne tsayawa ta fi yi wa wuya. Idan Tems ya cika bayan ruwan sama, Hukumar Kula da Muhalli takan kafa alluna a ƙofofin ruwa: rawaya na nufin a yi hattara, ja kuwa na nufin kowa ya nemi wuri ya ɗaure.

Abin mamaki, mai tuƙa jirgin kansa ko na haya ba ya bukatar lasin tuƙi. Kamfanin haya kan nuna masa yadda ake yi na ɗan lokaci, ya sallame shi. Jirgin ne doka ta fi sa wa ido: tilas ya kasance da lasin, da inshora, da takardar shaidar lafiya wadda ake sabuntawa duk shekara huɗu.

MATAKALAR RUWA

Mai karatu zai iya tambaya, yaya jirgi ke hawa tudu? Amsar ita ce matakalar ruwa, wadda Turawa ke kira lok. Wani ɗaki ne na tubali ko dutse, marar rufi, da ƙofa a kowane gefe. Jirgi mai hawa zai shiga, a rufe ƙofar baya, a buɗe 'yan tagogin da ke shigo da ruwa daga sama. Ruwa na cika jirgi na tashi, har ya yi daidai da na gaba, sa'an nan ƙofar gaba ta buɗu. Mai sauka kuma akasin haka yake yi. Babu famfo a cikin aikin, nauyin ruwa ne kaɗai ke yinsa.

A Tems akwai irin waɗannan matakalu 45, kuma yawanci akan sami ma'aikaci a wurin. A kan kanal kuwa matafiya ne ke yi da kansu, da wani maɓuɗin ƙarfe mai gwiwa, suna tura katakon ƙofa da bayansu. Kowace matakala kan ci minti 15 zuwa 20. A Caen Hill, kusa da garin Devizes, guda 29 ne a jere cikin mil biyu, mutum kan yi wuni yana wannan aiki. Ladan wahalar kuwa shi ne wurare irin gadar ruwa ta Pontcysyllte a Wales, wadda Thomas Telford ya kammala a 1805, inda jirgi ke ratsa kwarin kogin Dee a cikin kwamin ƙarfe, mita 38 daga ƙasa. UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2009.

INDA AKE ƊAURE JIRGI

Da yamma ta yi sai neman makwanci. A kan kanal ana ɗaurewa ne a gefen tsohuwar turbar dawakai, kuma a yawancin wurare kyauta ne. An hana tsayawa a bakin matakala, ko kusa da gada, ko a kwana, ko a wurin ɗiban ruwa. Inda babu zoben ƙarfe sai a kafa turaku biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, a ja igiyoyin a karkace don kada jirgi ya riƙa kai da komo, kuma ba a gitta igiya a kan hanyar masu wucewa. A kogi kuwa sai an juya kan jirgi ya fuskanci inda ruwa ke fitowa kafin a matso gaɓa, a kuma bar igiya da ɗan sako-sako, domin ruwa na iya ƙaruwa ko ya janye cikin dare. Gaɓar Tems galibi mallakar mutane ce ko ƙananan hukumomi, don haka a wurare da dama sai an biya kuɗin kwana.

A nan ne wata takaddama ta taso. Dokar 1995 ta yarda mutum ya riƙe jirgi ba tare da ya kama masauki na dindindin ba, muddin yana tafiya da gaske, ba ya wuce kwana 14 a wuri guda. Da kuɗin hayar gida ya yi tsada a Landan, sai matasa da ma'aikata masu ƙaramin albashi suka riƙa sayen tsofaffin jirage suna zama a ciki, suna ɗan gusawa duk mako biyu. Har ta kai a wasu unguwanni jirage na ɗaure biyu-biyu kafaɗa da kafaɗa. Hukuma da masu yawon hutu na kukan cunkoso, mazauna jirage kuwa na cewa ana neman korar talaka ne daga kan ruwa, bayan tsada ta kore shi daga tudu.

ZAMAN CIKI

Duk da ƙuncinsa, jirgin gida ne sosai. Ɗakunan a jere suke kamar taragun jirgin ƙasa: falo, madafa mai murhun gas da firij, makewayi da wurin wanka, sai ɗakin kwana. Inji na caja batura yana kuma ɗumama ruwan wanka, da yawa kuma sun ɗora farantan sola a kan rufi. Lokacin sanyi akan hura murhun ƙarfe da kwal ko itace. Sai dai komai da awo ake yinsa. Ruwan tanki na ƙarewa, sai an je famfon bakin hanya an cika. Ƙazantar makewayi haramun ne a zuba ta a ruwa, akwai wuraren da aka tanada domin kwashe ta. An kuma hana tayar da inji ko janareta a maɗaura daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe, don kada a hana maƙwabta barci.

HAƊARI

Ruwa dai ba abokin wasa ba ne. A cikin matakala akwai wani dakali a gindin ƙofar sama, wanda ruwa ke rufewa. Idan mai sauka ya yi sakaci bayan jirginsa ya hau kai, ruwa na janyewa kan jirgi zai dulmiya, cikin ɗan lokaci kaɗan ya nutse. Akwai kuma iskar gubar nan marar wari da murhu ko janareta ke fitarwa, mai kashe mutum yana barci, wadda saboda ita aka wajabta sa na'urar gargaɗi a jirage daga watan Afrilu na 2019. Babban bala'in da mutanen Landan ba su manta ba shi ne na ranar 20 ga Agusta, 1989, sa'ad da jirgin yashi Bowbelle ya banke jirgin shaƙatawa Marchioness a kan Tems cikin dare, ana tsakiyar liyafa, mutum 51 suka rasu. Bayan bincike an ƙara tsaurara dokoki, a 2002 kuma aka kafa tashoshin jiragen ceto a kan kogin.

Su kansu hanyoyin sun tsufa, da yawansu sun haura shekara 200. A watan Agusta na 2019 sai da aka kwashe mutanen garin Whaley Bridge, kimanin 1,500, don tsoron ɓallewar madatsar Toddbrook mai ba kanal ruwa. A 2023 kuma gwamnati ta ba da sanarwar rage tallafin da take ba hukumar amana daga 2027, hukumar kuwa ta yi kashedin cewa hakan na iya kai wa ga rufe wasu hanyoyi.

Mu a nan gida Allah ya ba mu Kwara da Binuwai da tafkin Kainji, ruwan da ya fi na Ingila girma nesa ba kusa ba, muna kuma da hukumar hanyoyin ruwa ta ƙasa wadda aka kafa a 1997, mai hedkwata a Lokoja. Amma a watan Yuni na 2023 mutane fiye da 100 suka halaka a yankin Patigi na Jihar Kwara, suna dawowa daga biki cikin dare a jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima. Kafin a yi maganar jiragen hutu a kan kogunanmu, wajibi ne a fara da abin da ya sa Bature ke iya kwana a kan ruwa da 'ya'yansa hankali kwance, wato duba lafiyar jirgi a kan kari, da ƙayyade lodi, da rigar ceto ga kowane fasinja, da allon gargaɗi idan ruwa ya cika. Wannan aiki ne na hukuma, da sarakunan ruwa, da ƙungiyoyin matuƙa, da mu fasinjoji da ya kamata mu ƙi shiga jirgin da muka ga ya riga ya cika.