Layi Nawa Ne a Magarya?

A jihar Damagaram, yaron da ya shiga lakwal galibi da Faransanci ake karantar da shi. Malaminsa mushe ne, mai tsare ubansa a hanya jandarma ne, mai duba kaya a bakin iyaka kuma ɗan duwan. Duk da haka, wanda ya zauna a tashar Magarya ko kasuwar Dungas daga hantsi zuwa azahar, akwai wata kalmar aro daga Turancin Ingila da ba za ta bar kunnensa ya huta ba. Ɗan kamasho zai ce motar da ke kan layi ta kusa cika. Dillali zai ce layin Alhaji ba ya shiga. Baƙo zai tambayi layin 'yan hatsi. Wani dattijo kuma zai kwaɓi yaro, ya ce masa ya saki layi. Duka huɗun kowa ya gane su, ba wanda ya tsaya tambayar wane layin ake nufi.

Asalinta kalmar Turanci ce, line, ita kuma daga Latin ta fito, inda take nufin zaren da aka kaɗa daga wani tsiro mai kama da rama, irin zaren da magini ke ja don gini ya miƙe. Kalmar Faransanci ligne ma daga tushen nan take. A bakin Bature ta yi rassa da yawa: igiyar shanya, zaren fatsa, ɗangon waƙa, salsalar gida, sana'ar mutum, kamfanin jiragen ruwa, har da bakin daga. Da ta faɗo kunnen Bahaushe sai ya ji ta kamar “layin”, kuma ga alama ya ɗauki harafin ƙarshen a matsayin ɗafin nan na “gidan” da “dokin”. Sai ya cire shi, ya bar layi, ya yi masa jam'i, layuka. Akwai kuma wani layin na gida wanda ba ruwansa da wannan, wato tangaɗin mashayi ko na mai jiri. Shi wannan kishiyar miƙewa ne.

Hausa ba ta kwashi ma'anonin Bature duka ba, domin tana da nata kalmomin kuma ba su yi ritaya ba. Har gobe liman cewa yake a daidaita sahu. Manomi kunya yake yi. Amarya jere ake yi mata. Tsohon gari lunguna gare shi, mai waƙa ɗango yake ƙirgawa, mai asali kuma salsala yake ja. Abin da aka bar wa layi shi ne abubuwan da suka zo da zamanin Turawa da bayansu: dogo, titin da aka yanka da awo, takardar makaranta, jiran hukuma, wayar lantarki, wayar hannu. Wanda ya bi sawun kalmar zai ga wuraren da kasuwa da hukuma suka shigo suka tsara rayuwar mutane.

Dogo da gyaɗa

Yaya aka yi kalmar Ingilishi ta yi gida a ƙasar da Faransa ta mallaka? Amsar tana kudu. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, ya ratsa ƙasar da yanzu take cikin jihar Jigawa. Cinikin gyaɗa ya bunƙasa, ƙasar Magarya kuwa tana cikin manyan wuraren nomanta a Nijar, kuma hanyar da ta fi kusa ta kai ta teku ita ce ta Kano zuwa Legas. Fatake suna gangarawa, 'yan cirani suna tafiya bayan kaka su dawo kafin damina, almajirai suna bin malamansu. Kowa ya dawo da tsaraba a jaka da wata a baki: tasha, mota, direba, fam, sule, layi. Faransanci ya zauna a ofis da aji, waɗannan kuwa suka bazu a kasuwa, inda jama'a suka fi yawa.

Tun kafin dogon ya iso, Turawa suna ta fama da nasu layin a kan taswira. A 1890 Ingila da Faransa suka ja shi daga Say a bakin Kwara zuwa Barwa a bakin tafkin Cadi. Suka sake shi a 1898, sannan a 1904 da 1906, domin Faransawa, waɗanda suka ci Damagaram a 1899, suna neman hanya mai rijiyoyi da za ta haɗa ta da Kwara. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamomi 148, aka tabbatar da aikin a 1910. Iyakar ta kai kimanin kilomita 1,500, ta raba ƙasar da ke da tsohuwar alaƙa da masarautar Daura, Zango da Ɓaure suka faɗa kudu, Magarya ta faɗa arewa.

Wani masani ɗan Amurka, William Miles, wanda ya taɓa koyarwa a Magarya, ya wallafa littafi a 1994 yana kwatanta Yekuwa ta Nijar da maƙwabciyarta Yardaje ta Najeriya, ƙauyuka biyu masu harshe ɗaya da addini ɗaya a ƙarƙashin tuta biyu. Ya lura cewa turakun ƙarfen da ke nuna iyakar, mutanen wurin tangaraho suke ce musu, sunan turakun wayar aika saƙo ta zamanin da. Ita kanta iyakar, iyaka ake ce mata ko boda. Bature ya ga layi a takarda, manomin da gonarsa ke gefen turken kuwa turke kawai yake gani.

Waya mai layi biyu

Ma'anar da ta fi tashe a yau ita ce mafi ƙuruciya. A 2001 wayar salula ta fara aiki gadan-gadan a Najeriya, kamfanoni suka shigo Nijar a wajajen lokacin, sai aka raɗa wa ɗan katin da ake sa wa waya suna layi. Babu zare, babu turke, amma sunan ya bi shi.

Dubi mai fataucin dabbobi daga Dungas a jajibirin kasuwar Maigatari ta ɓangaren Najeriya, wadda ke ci ranar Alhamis. A aljihun gaban rigarsa akwai ƙaramar waya mai cin layi biyu, murfin bayanta an ɗaure shi da roba. Layi ɗaya lambarsa tana farawa da 227, ɗayan da 234. Da na farko yake jin yadda aka tashi a kasuwannin arewa, ana ƙirga masa da jaka-jaka na sefa. Da na biyu yake kiran dillalinsa: “Alhaji, ina kwana? Yaya canji ya kwana?” A wasu ƙauyukan bakin iyaka sai ya hau tudu ko ya juya gabas ya juya yamma kafin ɗayan ya kama. In magana ta tsinke, layi ya yanke. In ana jin ta sama-sama, layi ba kyau. Da hukumomin Najeriya suka ce a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa a Disambar 2020, sai “an rufe mini layi” ya zama kukan da ke iya tsayar da ciniki.

Layin haƙuri

Akwai kuma layin da ba wanda ke so, na jira. Ƙidayar 2012 ta ba gundumar Magarya mutum fiye da dubu 570, Dungas kuma, wadda aka yanke daga jikinta a 2011, fiye da dubu 350. Jama'a ce mai yawa a ƙasa mai cunkoso, saboda haka layi ba ya ƙarewa: a famfo, a rumfar zaɓe, a wurin rabon taki, da ƙofar asibiti. Tun 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki a Magarya, kuma idan damina ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro ya tashi, iyaye mata ne ke jeruwa da goyo tun da asuba.

Shekarar 2023 ta haɗa layuka da dama wuri guda. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu na Najeriya ya ce tallafin mai ya ƙare, farashi ya ninka, 'yan ruwa-ruwa masu shigo da fetur a jarka suna sayarwa a kwalba suka ga ribarsu ta zube. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar aka rufe iyaka, Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, alhali layin da ke kai wuta Maraɗi da Damagaram daga Katsina yake tasowa ta Gazawa. Manyan motoci suka yi layi a mashigai. Sai a Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Ba wannan ne karon farko ba, domin Najeriya ta rufe iyakar a Agustan 2019, kuma Maigatari tana cikin mashigai huɗu da aka fara buɗewa a Disambar 2020. Matatar mai ta SORAZ da ke kusa da Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin ganga dubu 20 a rana, ba ta hana dogayen layukan mai a biranen Nijar a Maris na 2025 ba, tunda man kudu da ke cike giɓi ya daina kwarara kamar da.

Daga nan kalmar ta shiga halin mutum. Wanda ya tsallake layi ya ci haƙƙin na gabansa. Wanda ya saki layi ya bar maganar da ake yi, ko ya faɗi abin da bai kamata ba. Wanda aka ɗora a kan layi an nuna masa hanyar samu. Wanda ya ja layi ya ce iyakarsa ke nan. Ɗan layinmu kuwa maƙwabci ne da ake sa ran gani a suna da jana'iza. Kalmar aro ba ta kaiwa wannan matsayi sai ta daɗe ƙwarai a bakin mutane.

A Maris na 2025 sabon kundin da hukumomin Nijar suka kafa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wannan zai sa a zauna tsara kalmomin ofis, kotu da makaranta da Hausa, kuma za a sami masu son a kakkaɓe duk wata kalmar aro. Gara su fara sauraren tashar Magarya da kasuwar Dungas. A can an daɗe da yin wannan tankaɗe da rairaya: an karɓi abin da ake buƙata daga Ingilishi, an karɓi wani daga Faransanci, an riƙe sahu da kunya da salsala a inda suke. Mai rubuta ƙamus ɗin gwamnati da ya tsallake wannan aikin na jama'a zai fitar da littafin da sai an yi wa Bahaushe tafinta kafin ya gane shi.