Medea: Wasan kwaikwayon Girka da fansa ta ci 'ya'ya biyu

A shekara ta 431 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), marubucin nan Euripides ya shiga gasar wasan kwaikwayo ta birnin Athens da wasanni huɗu, ciki har da "Medea". Alƙalan gasar suka ajiye shi a na uku, wato na ƙarshe. Fiye da shekara 2,400 bayan nan, ana ci gaba da nuna wasan a faɗin duniya.

Medea 'yar sarkin Colchis ce, yankin da ke cikin ƙasar Jojiya ta yau. Saboda son Jason, jarumin Girka, ta taimaka masa da sihirinta ya ƙwace fatar ragon zinariya ta mahaifinta, ta kashe ɗan'uwanta, ta bi shi suka gudu. Suka zauna a birnin Korinti, ta haifa masa 'ya'ya maza biyu.

Wasan ya soma ne a lokacin da Jason ya juya mata baya, ya auri 'yar Creon, sarkin Korinti. Sarkin, don tsoron abin da za ta iya aikatawa, ya ce ta bar ƙasar. Ta roƙi kwana ɗaya tak, ya ba ta.

A wannan rana ɗaya ta gama komai. Ta sa Aegeus, sarkin Athens, ya rantse zai ba ta mafaka. Ta aika 'ya'yanta su kai wa amarya kyautar riga da kambin zinariya da ta shafa wa guba. Amarya ta mutu, uban da ya rungumi gawarta ya bi ta. Daga nan Medea ta kashe 'ya'yan da hannunta, don Jason ya rasa magaji. Ko binne su ba ta bari ya yi ba. Ta tafi da gawawwakin a keken kakanta Helios, allahn rana a addinin Girkawa na da.

Abin da ke hana mai kallo sakat shi ne Euripides bai nuna ta a matsayin dodo ba. Baƙuwa ce da ba ta da gidan uba da za ta koma, kuma rantsuwar da Jason ya yi mata ita kaɗai ce jarinta. Shi kuwa Jason ya kafe cewa don amfanin 'ya'yan ya yi auren. Masu kallo a Athens sun san nauyin baƙunta: shekara 20 kafin nan, dokar Pericles ta hana zama ɗan ƙasa ga duk wanda ɗaya daga iyayensa baƙo ne.

Medea ta yi ta kai-kawo kafin ta ɗaga wuƙa, ta san ita ma za ta ƙone da wutar. A rigimar nan ta manya, yara biyu da ko sunansu wasan bai ambata ba ne suka biya bashin.