Uwargida, Ɗiyarki Na Koyon Rubuta Manhajar Kwamfuta?

Uwargida, idan ɗiyarki ta samu gurbin karanta kimiyyar kwamfuta a jami'a, wata rana za ki same ta ta yi tagumi gaban na'ura, aikin ya ƙi tafiya. Kada ki yanke hukuncin cewa kanta ba ya ja. Bari mu leƙa abin da ake koya wa 'yan shekarar farko.

Cikin darussan share fage da suka yi fice akwai CS50 na Jami'ar Harvard da ke Amurka, wanda Farfesa David Malan yake koyarwa tun 2007. A 2012 aka buɗe shi kyauta a intanet. Kusan kashi biyu cikin uku na ɗalibansa ba su taɓa karanta fannin ba kafin su shigo.

Ana farawa da Scratch, inda ɗaliba ke jera umarni kamar tubali, sannan a wuce harsunan C da Python. Amma jigon karatun shi ne tsara matakan warware matsala ɗaya bayan ɗaya. Malan yakan ɗauko littafin lambobin waya yana neman suna, ya buɗe tsakiya, ya yage rabin da sunan ba ya ciki. Shafi 1,000 sau goma kacal za a raba shi a kai ga wanda ake nema. Wannan tsari shi ake kira algoridim, daga sunan Alkhawarizmi, masanin lissafin Bagadaza a ƙarni na 9.

Ki sani kwamfuta ba ta uzuri. Alamar rubutu guda aka manta, sai komai ya tsaya. Neman kuskuren nan shi ne karatun, yakan kuma ci awanni.

To, ina naki aikin? Ki ware mata lokacin da ba aike, ba girki. Ki gargaɗe ta kan kwafo amsa daga ƙawa ko ChatGPT, domin ranar jarabawa asiri zai tonu. In ta maƙale, ki ce ta bayyana miki matsalar daki-daki ko ba ki gane ba. Sau da yawa a bakinta za ta tsinci kuskuren.

Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, amin.