Dacewar Zangon Wi-Fi da Fulogin Zamani na Cikin Gida

1.0 Gabatarwa

Fulogin zamani shi ne wanda ake kunnawa da kashewa ta wayar hannu, ko da mai shi ba ya gida. Sau da yawa mai saye kan kasa haɗa shi da intanet ɗin gidansa, har ya ɗauka jabu aka sayar masa, alhali matsalar ta saɓanin zango ce. An aro kalmar "zango" a nan daga harshen gidajen rediyo, inda aka saba da gajeren zango da matsakaicin zango.

2.0 Zangunan Wi-Fi

Wi-Fi na tafiya ne bisa ƙa'idar 802.11, wadda ƙungiyar IEEE ta fitar a 1997. Zanguna biyu suka fi yawa a gidaje: gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Na farko ya fi cin nisa da ratsa bango, sai dai yana da cunkoso, domin Bluetooth ma a nan yake aiki. Na biyu ya fi sauri, amma bangon siminti kan raunana shi.

Fulogi ba ya buƙatar sauri, tunda saƙonsa bai wuce umarnin kunnawa ko kashewa ba. Shi ya sa masu ƙera shi suka fi zaɓar 'yar ƙwaƙwalwa mai araha, irin ESP8266 ta kamfanin Espressif na Sin, wadda gigahaz 2.4 kaɗai take ji.

3.0 Inda Saɓanin Yake

Na'urorin rarraba intanet na yanzu kan haɗa zangunan biyu ƙarƙashin suna ɗaya. Idan wayar ta hau gigahaz 5 a lokacin saiti, manhajar fulogin na iya ƙin kammala haɗin. Maganinsa shi ne a raba wa zangunan suna, ko a kashe gigahaz 5 har a gama.

Saɓani na biyu na layi ne. An kasa gigahaz 2.4 zuwa layuka. A Amurka ana amfani da 1 zuwa 11, a Turai kuwa har 13. Saboda haka fulogin da aka ƙera don kasuwar Amurka zai iya kasa ganin na'urar da ta hau layi na 12 ko 13. Tsayar da ita a 1, 6 ko 11, waɗanda ba sa shiga juna, yana kawar da wannan.

4.0 Kammalawa

Wajibi ne mai saye ya duba zangon da aka rubuta a kwalin fulogi, ya kuma tabbatar na'urar gidansa tana watsa shi, kafin ya biya kuɗi.