Injiniyan Cikin Gini a Wuraren Aiki Masu Haɗari

Injiniyan cikin gini shi ne wanda ke tsara wutar lantarki da hanyoyin iska da bututun ruwa da na'urorin kashe gobara, kuma nauyinsa yana ƙaruwa a wuraren da tartsatsi ɗaya ke iya jawo asarar rayuka. A Nangere da Potiskum irin waɗannan wurare su ne gidajen mai, da shagunan cika tukwanen gas, da injinan niƙa hatsi.

Na niƙa ne aka fi rainawa, alhali ƙurar gari, idan ta cika iskar rufaffen ɗaki ta gamu da tartsatsi, takan kama da wuta gaba ɗaya ta fashe, kamar yadda ƙurar sukari ta kashe mutum 14 a masana'antar Imperial Sugar ta Amurka a 2008. Don haka injiniyan yakan sa na'urar zuƙe ƙura, ya rufe makunni da fitilu cikin akwatin da ƙura ba ta shiga, ya kuma sauke waya daga jikin inji zuwa ƙasa don ta kwashe cajin da gogayya ke tarawa, musamman da hunturu lokacin da iska ta bushe.

Shi kuwa gas ɗin girki ya fi iska nauyi, yana taruwa ƙasa-ƙasa, saboda haka a nan ake buɗe mafitar iska, a kuma kafa na'urar gano yoyo.

Masu irin waɗannan sana'o'i su nemi injiniyan da ke da rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya wadda aka kafa a 1970, tun kafin a haƙa harsashi.